Kirsty Coventry da Iyon Rigingine

Iyon rigingine nau'i ne na ninƙaya wanda mai yin sa ke kwanciya da baya a kan ruwa, fuskarsa na kallon sama, yana wulwula hannuwa ɗaya bayan ɗaya. Wahalarsa ita ce mutum ba ya ganin inda ya dosa. Wannan ya sa ake rataya ƙananan tutoci mita 5 kafin bangon wurin iyo, domin da ya hange su ya fara ƙirga bugun hannunsa har zuwa wurin juyawa.

Daga cikin matan da suka shahara a wannan fanni akwai Kirsty Coventry, wadda aka haifa a Harare ta ƙasar Zimbabwe a 1983. Ta fara halartar gasar Olamfik a Sidni a 2000, ba ta samu komai ba. Bayan ta sami horo a Jami'ar Auburn ta Amurka ne tauraruwarta ta haska. A Atina, a 2004, ta ci lambar zinariya a tseren rigingine na mita 200, ta kuma maimaita a Beijin a 2008, inda ta kafa tarihin duniya da minti 2 da daƙiƙa 5.24. Abin lura, daga lambobin Olamfik 8 da Zimbabwe ta taɓa samu, 7 nata ne.

Ta daina gasa bayan wasannin Riyo na 2016, ta zama ministar wasanni a 2018. A 2025 aka zaɓe ta shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya, mace ta farko kuma ta farko daga Afirka a wannan kujera.