Tocila da Wuƙa: Guzurin Fatake Ya Koma Ado a Aljihun Samari

Kwanan nan akwai wani irin hoto da ke yawo a wayoyin samarinmu. Sai ka ga an shimfiɗa darduma ko ƙyalle, an jera tocila biyu ko uku, wuƙa mai naɗewa, agogo, makulli da alƙalami, an ɗauke su hoto kamar kayan lefe. Yayi ne da ya taso daga Amurka da Turai, inda suke kiransa EDC, wato kayan aljihu na kullum. Masu wannan sha'awa ba tocila ɗaya suke saye ba, tarawa suke yi, wannan ta zuwa kasuwa, waccan ta tafiya, wata kuma ta nuna wa abokai kawai. Abin ya iso zangunanmu, daga Bawku har Yendi da Salaga, kuma iyaye sun fara tambaya: wannan kuɗin da yaro ke zubawa, asara ce ko kuwa?

Dattijon da ya yi fatauci dariya zai yi, don shi bai taɓa fita ba wuƙa ba. Ayarin da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja sayen goro wata da watanni yake yi a hanya kafin ya sauka Salaga, kuma kowane bafatake da wuƙarsa a kube, wasu a ɗaure a damtse. Da ita ake yanka igiyar mangala, a gyara ganyen da ke lulluɓe goro, a yanka kaza in an sauka zango. Ƙarfe kansa haja ne. Baturen nan Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa ruwan takubban da ake sayarwa a can daga Solingen ta Jamus ake kawo su, maƙera da dukawan Kano su yi musu ƙota da kube. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, amma al'adar riƙe wuƙa ta bi su duk inda suka sauka.

Wuƙar Okapi ma, wadda da yawa daga cikinmu suka gani a aljihun iyayensu, mai ƙotar katako da ɗan zobe a baya, a Solingen ɗin aka fara ƙera ta a 1902, musamman don kasuwannin Afirka, kafin a mai da aikin Afirka ta Kudu a 1988. Yau masu tarawa a Turai nemanta suke yi, su ajiye kusa da Victorinox ta Suwizalan da Opinel ta Faransa. Abin da kakanmu ya fere rake da shi ya zama kayan tarihi.

Ita tocila baƙuwa ce idan aka gwada ta da wuƙa. Ta gaji aci-balbal da fitilar ƙwai. Wanda ya girma a shekarun 1980 da 1990 ba zai manta da Tiger Head ba, ta gwangwani, mai cin manyan batura biyu ko uku, wadda in haskenta ya yi ja sai a bubbuga ta a tafin hannu, ko a shanya batir a rana wai ya farfaɗo. Daga baya Nokia 1100 ta fito a 2003 da 'yar tocila a kanta, kowa ya ce an gama da tocilar hannu. Ba a gama ba. Ƙwan LED ne ya sauya komai: ba ya ƙonewa da wuri, ba ya shan batir kamar na da, har masana uku 'yan Japan da suka gano shuɗin LED, wanda da shi ake samun farin haske, suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Sai kuma dumsor ya zo, daga 2012 zuwa wajen 2016, lokacin da ɗauke wuta ya zama abincin yau da gobe a Ghana. Tun daga nan babu shagon da ba a rataye da tocila mai caji.

A Binduri maganar tocila ba maganar ado ba ce. Gundumar, wadda aka cire daga Bawku a 2012, ƙasar noma ce, kuma da rani albasa ake yi a fadamun bakin Farin Volta. Mai sayen albasa yakan isa gona tun kafin gari ya waye, ko a yi lodi har bayan isha don a guje wa zafin rana. Wannan shi ne lokacin kububuwa. Ƙaramar macijiya ce, launinta ɗaya da ƙasa da busasshen ganye, da dare take yawo, kuma a duk faɗin yankin nan na savana ita ce kan gaba wajen kisa cikin macizai. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da fitsari, kuma maganinsa sai allurar asibiti, wadda ba kullum ake samunta kusa ba. Hasken waya ba ya wuce 'yan taku, ga shi ya cinye cajin da za ka kira mota da shi in wani abu ya faru. Don haka idan yaro ya tara tocila huɗu, ni ban ga laifinsa ba, muddin ɗaya tana hannun mahaifiyarsa don fita bayan gida da dare, ɗaya tana shago, ɗaya tana mota. Tarin da ke kulle a akwati don hoto shi ne asara.

Sai dai a kasuwa ana cin mutane. Za ka ga kwali an rubuta lumen 100,000 a kan tocilar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Ƙarya ce tsagwaronta. Lumen ma'aunin yawan haske ne, kuma ɗari biyu zuwa ɗari biyar ya ishi mai tafiya a gona ko mai duba buhuna a bayan mota. Haka batir. Wanda ake kira 18650, sunansa girmansa ne, kauri milimita 18, tsawo 65, kuma na ƙwarai daga manyan kamfanoni ba ya wuce wajen 3,500mAh. In ka ga an rubuta 9,900, ɗaga shi ka ji: marar nauyi ne kamar kara. Irin waɗannan ne ke kumbura ko su kama da wuta. Batirin litiyom ba ya son zafi, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Bawku yakan haura digiri 40. Kada a bar shi a gaban mota cikin rana, kada a jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makulli da sulalla, kada kuma a bar shi a caji a kan katifa a tafi masallaci. Ga mai aikin lodi, tocilar goshi ta fi duk wata mai tsada amfani, don hannu biyu yake buƙata.

To, nan ne hanyar tocila da ta wuƙa suka rabu, kuma nan ne hotunan waya ke yaudarar yara. Wanda ya ɗauki hoton a Amurka ba ya bin hanyar Bolga zuwa Bawku, ba ya tsayawa a shingen sojoji da 'yan sanda. Tun watan Nuwamba na 2021, da rikicin sarautar Bawku ya sake tashi, Ma'aikatar Cikin Gida ke sa dokar hana fita tana sabuntawa, kuma sanarwar takan zo da haramcin ɗaukar bindiga, harsashi, ko duk wani makami. Hukumomin tsaro sun taɓa hana sa batakari a garin saboda ana ɓoye makamai a ƙarƙashinsa, sun kuma hana maza hawa babur. Inda riga ta zama abin tuhuma, ina ga wuƙa mai maɓalli da ke fitowa da ƙara? Ko ba dokar hana fita, dokar laifuka ta Ghana ta 1960, wadda ake kira Act 29, ta haramta riƙe makami a bainar jama'a ba tare da izini ko ƙwaƙƙwaran dalili ba. Mahauci da wuƙaƙensa a kan hanyar mayanka yana da dalili. Mai albasa da 'yar wuƙar yanka igiya a cikin kayan aikinsa yana da abin faɗa. Saurayi da wuƙa baƙa mai siffar ta soja a ƙugu, da ƙarfe tara na dare, me zai ce? "Sha'awa ce kawai, Oga"? Mutanen Yendi, da suka yi zaman dokar ta-ɓaci bayan kisan Ya Na Yakubu Andani na biyu a 2002, sun san yadda ƙaramin abu ke zama babba a irin wannan lokaci.

Kuma mu baƙi ne 'yan kasuwa, ba mu da ɓangare a rigimar. Abin da ke tsare mu shi ne kowa ya san mu da awo da ciniki. Yaro ɗaya da aka kama da makami yana iya ja wa zango duka magana, ban da kuɗin beli da kwanakin da mahaifinsa zai rufe shago yana zirga-zirga.

Ita ma tocilar akwai wadda ba ta dace da hanya ba. Akwai mai haƙora a baki, an yi ta don duka, akwai mai shokin, akwai mai walƙiya da ke ɗauke ido. Waɗannan jami'in tsaro ba zai kalle su a matsayin fitila ba. In kun iso shinge da dare, a kunna fitilar cikin mota, a kashe tocila, kada wani ya kuskura ya haska fuskar mai bindiga.

Mai son tara wuƙa ba sai ya daina ba. Ya tara a gida, a kulle inda yara ba sa kaiwa, ya shafa musu ɗan mai kafin damina saboda tsatsa. Ni da za a tambaye ni, da na ce ya fara da maƙeran garinsu kafin ya aika kuɗi waje. Wuƙar da aka ƙera da ƙarfen sifirin ɗin mota, baduku ya ɗinka mata kube da jar fata, tana riƙe kaifi fiye da yawancin masu ƙyalli da ake shigo da su, kuma in ta dakushe ka san wanda za ka kai wa. Na farkon abin da ya kamata ya shiga tarin ma, wuƙar kakansa ce, in tana nan a ƙasan adaka.

Masu tafiya Dubai ko Guangzhou saro kaya, da alhazan da ke tashi daga filin jirgin Tamale tun da aka fara jigila daga can a 2016, su riƙe wannan: ƙa'idar jirgi ta raba su biyun ita ma. Wuƙa, komai ƙanƙantarta, a babbar jaka ake sa ta, wadda ake aunawa a tura. Batirin litiyom da ba ya cikin na'ura kuwa a jakar hannu yake tafiya, a naɗe bakinsa da salatif. Wanda ya juya su, a nan bakin bincike zai bar Victorinox ɗinsa.