Maganin Warin Hayaƙi da Rima a Tsofaffin Littattafai

Dattawa da fataken zango, sau da yawa mutum kan sayi tsohon kundi ko Alƙur'ani mai warƙoƙi daga hannun magada, da ya buɗe gafaka sai warin hayaƙi da na rima su tarye shi. A nan Kumasi, inda damina kan zo sau 2 a shekara, takarda ba ta rabuwa da danshi, shi ne kuwa abincin fumfuna.

To, kada a shafa ruwa, gama tawadarmu da ƙaro ake haɗa ta, ruwa na taɓa ta sai ta narke. Kada a fesa turare, rufe wari kawai ya ke yi, ya bar tabo. Rana kuma busar da takarda ta ke yi har ta riƙa karyewa.

Ga dabara. A raba littafi da gafakarsa, a shimfiɗa warƙoƙi bi da bi a inuwa inda iska ke ratsawa, an fi so da hunturu. In sun bushe, a share fumfuna da gashin kaza a waje, a rufe hanci. Sa'an nan a sa su cikin adaka tare da busasshen gawayi a ƙulle cikin tsumma, kada ya taɓa takarda. A rufe mako 2. Gawayi zai zuƙe warin. In da saura, a sake sabo.

Rubutun magabata amana ne, in ya ruɓe a hannunmu ba mai mayar da shi. Allah ya ba mu ikon kiyayewa, amin.