Kafin a goge kwamfuta, a karanta abin da ta rubuta

A Vom, garin da ke kudu da Jos, an daɗe da sanin yadda ake gano ciwon wanda ba ya magana. Tun 1924 ake binciken cututtukan dabbobi a can, kuma a 2006, da murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, cibiyar binciken da ke Vom tana cikin waɗanda suka yi aikin gwaji. Likitan dabbobi sai ya auna zafin jiki, ya ɗebi jini. Mai gyaran kwamfuta ya fi shi sa'a, domin kwamfuta da kanta take rubuta abin da ke damunta. Sai dai ba kowa ya san inda take ajiye rubutun ba.

A can ƙasan manhajar da ke tafiyar da kwamfuta akwai ɓangaren da ake kira kanel, shi ke hulɗa kai tsaye da kayan cikinta. Duk na'urar da aka jona, firinta ce ko filashi ko kayan awo na ɗakin gwaji, tana da 'yar manhajarta mai suna direba, wadda ke shiga tsakaninta da kanel. Idan direba ya ga sabon abu ko ya ci karo da matsala, yakan rubuta layi guda ya wuce.

A Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, karanta waɗannan layuka ba wuya. Mutum zai buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya rubuta dmesg. Wasu nau'o'in, irin su sababbin Ubuntu, sai an sa sudo a gaba. Saƙonnin hawa takwas ne, daga 0, wato abin ya kai maƙura, zuwa 7, bayanin da masu rubuta direba kaɗai ke buƙata. Mafi amfani ga mai gyara shi ne dmesg -w, wanda ke barin allon a buɗe, sai ya zare waya ya mayar yana kallon abin da kanel ke cewa nan take.

A nan ake gane bambancin cututtuka masu kama da juna. Filashi ya ƙi fitowa. Idan allo ya nuna "error -71", sau da yawa laifin waya ne, ko bakin da aka soka ta, ko ƙarancin wuta, don haka a fara da canza waya ko bakin. Idan kuwa "I/O error" ke ta maimaituwa a kan faifan ajiya, to a bar komai a kwashe bayanai tukuna, faifan na iya mutuwa kowane lokaci. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi har ƙarancin wuta takan faɗa ƙarara, abin da ba baƙo ba ne a inda ake yawo tsakanin janareto da sola.

Akwai tarko ɗaya. Wurin ajiyar saƙonnin ƙarami ne, idan ya cika sabo ya danne tsoho, idan aka kashe kwamfuta kuma ya tafi. Ke nan mai saurin kashewa ya kunna ya share shaida da hannunsa, sai fa in kwamfutar tana adana tarihi, inda journalctl -k -b -1 zai dawo da na kunnawar da ta gabata.

Windows ta fi rowa. Tun daga Vista yawancin saƙonnin direba a rufe suke sai an buɗe su, kuma an fi kallon su da DebugView, manhajar Mark Russinovich, wanda Microsoft ta sayi kamfaninsa a 2006. Wayoyin Android kuwa kanel ɗin Linux ne a cikinsu, ana leƙa wani ɓangare na saƙonninsu da adb logcat.

A shagunan gyara irin na titin Ahmadu Bello da kewayen Taminus a Jos, maganin da aka fi saurin kawowa shi ne a goge komai a sake zubawa. Wannan ba ya gyara tsinkakkiyar waya, ga asarar takardu da hotuna. Duk wanda zai kai kwamfutarsa gyara, ya nemi a duba saƙonnin kanel kafin ya yarda a goge masa ita.