Aikatau “Take” na Ingilishi da Takwarorinsa na Hausa: Matsalar Ɗalibin Damagaram

1.0 Gabatarwa

Dangantakar Damagaram da harshen Ingilishi ta girmi mulkin Faransawa. Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya koyi Ingilishi a can, kuma daga bakinsa ne J. F. Schön ya sami da yawa daga cikin labaran da ya wallafa a Magana Hausa a 1885. Shi Dorugu bai bi ta kan Faransanci ba kafin ya kai ga Ingilishi. Ɗalibin Birni ko na Zango kuwa sai ya shekara shida yana karatu da Faransanci kafin ya gamu da Ingilishi a ajin farko na kwaleji, don haka kowace kalma sai ta ratsa harsuna biyu kafin ta zauna masa. Tun da kundin da hukumomin Nijar suka fitar a watan Maris na 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa, ya kuma jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, wannan magana ta ƙara nauyi.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba aikatau ɗaya, wato “take”, a nuna cewa fassarar da aka saba ba ɗalibi, “take” shi ne “prendre”, “prendre” shi ne “ɗauka”, ita ce tushen mafi yawan kurakuransa, kuma a wurare da dama Hausa ta fi Faransanci kusa da abin da Ba’ingilishe yake nufi.

2.0 Inda “ɗauka” ya wadatar

Asalin kalmar ba ta tsohon Ingilishi ba ce. Aro ce daga “taka” na tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, ta ture “niman” da ake da ita tun farko. Siffofinta uku ne, “take”, “took”, “taken”, kuma haddace su ba ya ba kowa wahala. Ma’anarta ta farko ita ce sa hannu a kan abu a raba shi da inda yake, kuma a nan harsunan uku sun yi daidai:

(1) Take the key from the table.
Ɗauki makulli daga kan tebur.

(2) He took a photograph of the palace.
Ya ɗauki hoton fada.

(3) I took him for a teacher.
Na ɗauka malami ne.

Misali na (3) abin lura ne, domin Hausa da Ingilishi duka sun miƙa ɗaukar hannu ta zama ɗaukar zuciya, wato zato. Amma ko a wannan ma’ana ta farko Hausa tana rarrabe abin da Ingilishi ya haɗa. Abin da aka miƙo wa mutum karɓa yake yi, ko amsa, abin da ya raba wani da shi da ƙarfi ƙwacewa ya yi, wanda ya ɗiba daga cikin tari kuwa ɗiba ce. Duka ukun “take” ne.

3.0 “Take” da “bring”: kai da kawo

A nan ne hanyar Faransanci ta fi ɓatar da ɗalibi. Dubi wannan:

(4) Take this letter to the Sultan’s palace.
Kai wannan takarda fadar Sarki.

(5) She took the child to hospital.
Ta kai yaron asibiti.

“Prendre” ba ya shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan jimloli. Bafaranshe “porter” ko “emporter” zai ce a (4), “emmener” a (5). Ɗalibin da ya riƙe cewa “take” shi ne “prendre” ba ya tsammanin ganinsa a nan, in kuma shi ne mai rubutawa sai ya sa “bring” ko “carry”. Ga shi kuwa Hausa ta riga ta tanadar masa da mabuɗin tun yana goye. A tsarin azuzuwan aikatau guda 7 da F. W. Parsons ya fitar a 1960, aji na 6 shi ne mai ƙarewa da wasalin -o, mai nuna aikin ya nufo wajen mai magana: fita da fito, aika da aiko, saya da sayo, kai da kawo. Wannan bambanci na ƙarshe shi ne ainihin bambancin “take” da “bring”. Duk inda Bahaushe zai ce “kai”, Ba’ingilishe “take” zai ce, inda kuma zai ce “kawo”, “bring” ne. Yaron da aka aika daga Birni zuwa kasuwar Dole bai taɓa rikita “kai kuɗin” da “kawo canji” ba, kuma ba shi da dalilin rikita su a Ingilishi in da an nuna masa cewa abu ɗaya ne.

4.0 Sha da ci da hawa

Akwai kuma inda “take” da “prendre” suka dace, Hausa ce ta bi tata hanya. Mafi muhimmanci shi ne sha’anin magani, domin kwalayen da ake shigowa da su daga Kano da Ingilishi aka rubuta umarninsu:

(6) Take two tablets three times a day.
A sha ƙwaya biyu sau uku a rana.

Bahaushe shan magani yake yi, ko na ruwa ne ko ƙwaya, shi ya sa ɗalibi kan rubuta “drink medicine”, abin da Ba’ingilishe ba ya faɗa game da ƙwaya. Wannan kuskure mai sauƙi ne. Wanda ya fi shi haɗari shi ne na mai karantawa, wanda ya ga “not to be taken” a jikin kwalbar maganin shafawa ya fahimce shi da “kada a ɗauka”, alhali “kada a sha” ake nufi.

Abin hawa ma haka yake. “Take a taxi” shiga tasi ne, ba ɗaukarsa ba, mai babur kuwa hawa ake yi. A wasu wuraren “ci” ne ke tsayawa a madadin “take”:

(7) The French took Zinder in 1899.
Faransawa sun ci Damagaram a 1899.

(8) He took a bribe.
Ya ci hanci.

(9) The work took three days.
Aikin ya ci kwana uku.

Game da (9), yanzu an fi jin “aikin ya ɗauki kwana uku”, musamman a gidajen rediyo, kuma da alama sawun Ingilishi wannan salo ya biyo. Ya riga ya zauna, ba a ce masa kuskure, amma “ci” ya fi shi daɗin Hausa. Sai dai kada ɗalibi ya mai da wannan ƙa’ida. Cin amana ba “take” ba ne, cin mutunci ma haka.

Babban tarko a wannan fage shi ne jarrabawa, domin harsunan uku kowanne ya ja nasa gefe. “Take an examination” zama ne a rubuta jarrabawa, ko an ci ko an faɗi. Faransanci “passer un examen” yake ce wa wannan. “Pass an examination” na Ingilishi kuwa shi ne cin jarrabawa, wato “réussir”. Saboda haka ɗalibin da ya zana jarrabawar BEPC bai sami sa’a ba, in ya cika takardar neman makaranta a Nijeriya ya rubuta “I passed the BEPC” yana nufin “j’ai passé”, ya yi ƙarya ba da saninsa ba. Wanda ya ci kuma ya rubuta “I took” ya rage wa kansa daraja.

5.0 Inda “prendre” ba “take” ba ne

Faransanci na cewa “prendre feu” da “prendre froid”, Ingilishi kuwa “catch fire” da “catch a cold”. Hausa da Ingilishi sun haɗu a kan kamu: rumfa ta kama wuta, mura ta kama shi. Bambancin kawai shi ne a Hausa ciwo ne ke kama mutum, a Ingilishi mutum ne ke kama ciwon. “Prendre du poids”, wato yin ƙiba, “put on weight” ne. “Prendre place” zama ne a kan kujera, amma “take place” aukuwa ce, kamar a ce bikin hawan salla ya auku a ƙofar fada.

Batun abinci yana da ɗan sarƙaƙiya. “Prendre le petit déjeuner”, karya kumallo, “have breakfast” ne a Ingilishin Ingila. Amma ɗalibin Damagaram yakan ji “I have taken my breakfast” ko “take tea” a bakin baƙi daga Kano da Daura, sai ya ga abin ya dace da Faransancinsa. Wannan salo karɓaɓɓe ne a Ingilishin Afirka ta Yamma, a Ingila kuwa ana jin sa kamar maganar tsofaffin littattafai. Aikin malami a nan shi ne ya faɗa wa ɗalibi inda kowanne yake tafiya, ba ya ja masa jan layi kurum ba.

6.0 “Take” da ƴan rakiyarsa

Saura ƴan ƙananan kalmomin da ke biyo “take” su sauya masa ma’ana, irin su “off” da “over” da “after”. Faransanci ba shi da wannan tsari, amma Hausa tana yin kwatankwacinsa da wasalin ƙarshe. “Take away” shi ne aji na 4, ɗauke ko kwashe: “take away the plates”, kwashe kwanoni. “Take off” tuɓe riga ne ko cire takalmi, in jirgin sama ne kuma tashi. “Take over” karɓar ragama ne daga hannun wani. “Take after” kuwa, wanda ba a iya cinko ma’anarsa daga sassansa, Hausa aji na 6 take ba shi, domin hali da kama daga magabata suke gangarowa:

(10) She takes after her mother.
Ta biyo mahaifiyarta.