3.4 Kare Ɗaki Daga Fumfuna Bayan Ambaliyar Ruwa

A wannan sashe za a yi bayani a kan fumfuna, wato ɓarnar da takan biyo baya idan ruwa ya shiga gida ya janye. Za a duba abin da yake haddasa ta, da illolinta, sannan da matakan kauce mata.

3.4.1 Ma'anar Fumfuna da Dalilanta

Fumfuna wata halitta ce dangin naman kaza, wadda takan fito baƙa ko fara ko kore a jikin bango da azara da tufafi da abinci. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, kuma kullum suna yawo cikin iska. Abubuwa uku suke buƙata kafin su tsiro: danshi, da ɗumi, da abin da za su ci, kamar katako ko takarda ko auduga. Da yake ɗumi da waɗannan kayayyaki ba sa rabuwa da ɗakin Bahaushe, danshi ne kaɗai mai gida yake da ikon hanawa.

A ƙasar Hausa matsalar ta fi tsanani a watannin Agusta da Satumba, lokacin marka, sa'ad da iska kanta take ɗauke da laima, shanya ma ba ta bushewa da wuri. A daidai wannan lokaci ne kuma aka fi samun ambaliya, kamar wadda ta auku a shekarar 2022 a garuruwan da suke bakin kogin Haɗeja, irin su Ringim da Auyo. A irin wannan yanayi fumfuna takan soma tsiro cikin awa 24 zuwa 48 bayan jiƙewar kaya. Ke nan kwana biyun farko su ne mafi muhimmanci.

3.4.2 Illolin Fumfuna

Shaƙar iskar ɗaki mai fumfuna yakan jawo atishawa da tari da ƙaiƙayin ido, yakan kuma tayar da ciwon asma, musamman ga yara da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da wannan alaƙa a ƙa'idojin da ta fitar a 2009. Haka kuma, wani nau'in da yake kama gyaɗa da masara yana fitar da dafin afalatoksin, mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kawar da shi. Bugu da ƙari, danshin da yake rayar da fumfuna shi ne yake ruɓar da azara har rufi ya rufta.

3.4.3 Matakan Rigakafi

Mataki na farko shi ne a kashe wutar lantarki, a kuma kira magini ya duba gindin bango, domin ginin ƙasa da ya sha ruwa yana iya faɗuwa. Daga nan sai a buɗe rariya da kwata, a kwashe ruwa da taɓo, a gyara indararo, a toshe duk inda yake yoyo.

Na biyu, a fitar da kaya duka a shanya. A naɗe ledar ɗaki da darduma, saboda su ne suke ɓoye rima a ƙarƙashinsu. Katifa da matashi da silin na kwali waɗanda suka kwana biyu a jiƙe, zubar da su ya fi. Hatsin da ya canza launi ko yake warin fumfuna ba a cinsa, ba a kuma ba dabbobi.

Na uku, a bar ƙofa da taga a buɗe iska ta ratsa. Wasu sukan sa kaskon garwashi don ɗaki ya bushe. Idan an yi haka, kada a rufe ƙofa, kada kuma kowa ya kwana a ciki, domin iskar gawayi tana kisa.

Na huɗu, a wanke siminti da ƙarfe da roba da ruwa da sabulu, sannan a goge da bilic, kofi ɗaya cikin ruwa kimanin lita 4. Mai aikin ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, kuma kada ya gauraya bilic da wani sinadari, musamman amoniya.

Mataki na ƙarshe shi ne haƙuri. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar yin yaɓe ko fenti a kan jiƙaƙƙen bango. Yaɓen ƙasa da makuba yana barin bango ya fitar da laima a hankali, amma siminti da fentin mai sukan kulle ta a ciki, sai fumfuna ta sake ɓullowa bayan 'yan makonni. Saboda haka ya kamata a jinkirta wannan aiki har zuwa hunturu, lokacin da busasshiyar iska take tsotse danshi.

3.4.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa maganin fumfuna shi ne raba ɗaki da danshi. Goge tabo ba tare da an toshe hanyar ruwa ba, an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Sashe na gaba zai duba yadda ake adana hatsi a rumbu lokacin damina.