Idan An Ce Mama Tana Da Ciwon Daji Na Mahaifa

'Yan'uwa, ciwon daji na mahaifa ya fi kama matan da suka daina al'ada. Yana farawa ne a fatar da ke cikin mahaifa, kuma ya bambanta da na bakin mahaifa. Alamarsa ta farko ita ce jini ya dawo bayan mace ta yi shekara guda ba ta ga al'ada ba. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba sammu ba ne.

Idan likita ya ce yana mataki na farko, ma'anarsa ciwon bai fita daga mahaifa ba. A wannan mataki, kusan mata 9 cikin 10 da aka yi wa magani suna nan da rai bayan shekara 5. Maganin shi ne tiyata, a cire mahaifa, yawanci tare da ƙwayayenta. Wasu akan ƙara masu gashi da na'ura.

Babban haɗari shi ne jinkiri. Kada a ce sai bayan girbi, kada kuma a tsaya gwada jiƙe-jiƙe. Ciwon ba ya jiran kowa. Mu ci gaba da addu'a, mu kuma kai ta asibiti a ranar da aka ba ta.

Ga abin da 'ya'ya za su yi:

1. Ku zauna ku raba kuɗin mota da na asibiti. Ku nemi masu ba da jini tun da wuri.
2. 'Ya mace ko wata aminiyarta ta shiga wurin likita da ita, domin kunya takan hana uwa magana a gaban ɗanta. Ku riƙe takardun gwaji wuri ɗaya.
3. Bayan tiyata, ta huta mako 6 zuwa 8. Ban da daka, ɗaukar ruwa ko itace, da aikin gona. Amma ta riƙa ɗan tattaki kowace rana.
4. In ta yi zazzaɓi, ko jini ya zuba da yawa, ko ɗinkin ya yi ruwa mai wari, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ku koma asibiti nan take.
5. Ko ta ji sauƙi, kada ta fasa zuwa dubawa, yawanci kowane wata 3 zuwa 6 da farko.

Zumuntar mata tana iya raba kwanakin girki da ɗebo ruwa. Amma ku tambayi Mama tukuna wanda take so ya sani. Jikinta ne, a bar ta ta faɗi abin da take so.