Rigar Waya Ba Ado Ba Ce: Abin Da Na Koya Bayan Wayar Baba Ta Faɗo Daga Tirela



Bara da damina muna sauke shanu a Gariki ta Inugu, Baba ya sunkuyo daga kan tirela zai miƙo min igiya, sai wayarsa ta zame daga aljihun gaba ta daki siminti. Tana cikin riga fa, irin mai ƙyalƙyalin nan. Amma ko da na ɗauka sikirin ya yi baƙi ƙirin. Daidai lokacin kuma wani mahauci ya ce ya turo kuɗin shanu biyu. Shi yana ta rantsuwa, Baba kuwa ya ce ko wutsiya ba za ta fita ba sai ya ga alat da idonsa. Saura kaɗan a ɓata huldar shekaru, sai da muka zare layin muka sa a tawa wayar.

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kowa ya san ciniki ya koma taransifa. Hoton sa ta WhatsApp ake turawa, lambar direba da ta masu bashi duk suna ciki. Shi ya sa da na kai gyara na tsare mai gyaran da tambaya, na kuma bi masu sayar da kayan waya, har na fahimci yadda ake tsara rigar.

Wayar da ta faɗo daga tsayin mita ɗaya da rabi, wato kamar daga kunnen mutum, gudunta ya kusa kilomita 20 a awa lokacin da za ta taɓa ƙasa. Siminti ba ya lotsawa, don haka tsayawa take farat ɗaya, duk ƙarfin bugun ya ƙare a gilashi. Ka saki ƙwai a kan katifa, ka saki wani a kan dakali, za ka gane. Aikin riga shi ne ta zama katifar: ta lotsa, ta shanye bugun, ta rarraba shi.

Saboda haka abin da aka yi ta da shi ne farkon abin dubawa. Akwai silikon, mai laushi, ba ya santsi a hannu, amma yana saki in ya kwana biyu. Akwai TPU, robar nan mai lanƙwasuwa; yawancin farare da ake ganin waya ta ciki da ita ake yi, kuma rana da gumi ke sa su koma ruwan ɗorawa. Sai busasshiyar roba mai tauri, wadda ke tare ƙarzuwa amma ba ta shan bugu sosai. Irinta ce a wayar Baba. Mai kyau takan haɗa biyu, laushi a ciki da gefe, tauri a baya.

Na biyu, kusurwa. In waya ta sauka a kan kusurwa, ƙarfin duka a ɗan wuri guda yake taruwa, daga nan tsagewa ke farawa. Shi ya sa masu tsarawa ke ƙara kauri a kusurwoyi huɗun, wasu su bar ɗan ramin iska a ciki. Na uku, leɓe: bakin rigar ya ɗan ɗara sikirin da gilashin kyamara tudu. Kafin ka biya, kifa wayar a kan teburin mai shago. In gilashi ya taɓa tebur, ajiye masa kayarsa.

Na huɗu, daidaito. Kowace riga a mazubin ƙarfe ake zuba ta, wanda aka yanka da awon samfurin waya guda. Yawancinsu daga Shenzhen da Guangzhou na ƙasar Sin ake shigo da su, su sauka a Emeka Offor Plaza ta Anacha, ko Garrison ta Fatakwal, ko Ogbete ta Inugu, kamar yadda suke sauka a Farm Centre ta Kano. Tecno da Infinix da Itel samfurinsu yawa gare shi, kuma suna kama da juna. Kar ka yarda da "ai za ta shiga". In ta yi sako-sako, wayar na iya tuɓewa tun kafin ta kai ƙasa.

Sai dai kowane tsari da farashinsa. Riga mai kauri tana riƙe zafi, batir kuwa ba ya shiri da zafi. In ka kai caji wurin mai janareto, inda ake jibge waya kan waya, gara ka tuɓe mata riga.

Ga kuma ruwa. Fatakwal na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ya ninka na Kano. Riga ta yau da kullum ba ta hana ruwa shiga, hasali ma ɓoye laima take yi a bayan waya. Alamar IP67 da ake gani, ma'anarta wayar kanta na jure nutso na mita ɗaya har minti 30, ba rigar ba. 'Yar leda a aljihu ta fi maka amfani da damina. Sannan duk mako ka cire rigar ka goge, don yashi da baƙar ƙurar nan da ta addabi Fatakwal tun 2016 suna maƙalewa a ciki suna cin jikin waya.

Kar rubutun kwali ya ruɗe ka. Wasu na cewa sun ci gwajin sojan Amurka. Gwajin gaskiya ne, ana sakin abu sau 26 daga tsayin ƙafa 4, amma kamfani ne ke gwada kayansa da kansa, kuma buga rubutu a kwali ba wuya. Ƙafa 4 ma ina ta kai saman tirela?

A nan ne na tuna da dukawanmu. Mutanen da suka ɗinka wa wuƙa kube, suka yi wa Alƙur'ani gafaka, ai sun daɗe da sanin wannan aiki. Ɗan kara ba ƙyalli yake nema ba. Abin da ke kashe masa waya shi ne sunkuyo da aljihu a buɗe. Na kai wa wani baduku a nan unguwarmu awon wayar Baba, ya ɗinka mata jakar fata mai murfi da igiyar ratayawa, ita kuma tana cikin rigar TPU da gilashin kariya a fuska. Da farko Baba ya ce, "Kai yaro, laya za ka rataya min?" Yanzu ko masallaci ba ya zuwa sai da ita, har abokansa biyu sun aiko a yi musu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a nema.